Ƙofar Jidda da Ƙofar Illela: Dokokin Tafiya a Lokacin Annoba

Kawuna manomin albasa ne a yankin Goronyo. A farkon shekarar 2020 ya haɗa ribar noman rani ta shekara uku da kuɗin bijimai biyu, ya shigo Sakkwato ya zuba kuɗin kujerar hajji. Shekararsa 64 a lokacin. Ya yi fasfo, ya sayi harami ya ninke a ƙasan akwati, har ya fara zagayen neman gafara wurin dangi. Ranar 27 ga Fabrairu Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umra, kuma a wannan rana aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Hajjin wannan shekarar mutane ƙalilan mazauna Saudiyya suka yi shi. A 2021 aka ba mutum 60,000 dama, su ma na cikin gida. Da aka buɗe wa duniya a 2022, Nijeriya ta samu kujera 43,008 maimakon 95,000 da ta saba samu, aka kuma gindaya sharuɗɗa: cikakkiyar allurar rigakafi, gwajin korona cikin awa 72 kafin tashi, sannan kada maniyyaci ya haura shekara 65.

Na same shi a zaure da yamma, rediyo a gefensa, carbi a hannu.

"Ɗana," ya ce, "lokacin da niz zuba kuɗina shekaruna ba su kai ba. Su sunka rufe ƙofa shekara biyu, yanzu kuma an ce na tsufa. Wanga hisabi ina anka samo shi?"

Na ce, "Kawu, cutar ce ta fi kayar da dattawa, shi ya sa suke tsoron cunkoson Mina da Jamra a kanku."

Ya jinjina kai ya yi shiru. Bai yi musu ba. Abin da ya ci masa rai shi ne sai a bakina ya fara jin dalilin, bayan wata biyu yana jin hukuncin.

Tun ranar nake juya wannan al'amari. Ni ba na cikin masu cewa dokokin nan zalunci ne tsagwaronsa, ko makircin Turawa. Mu Musulmi mun riga kowa sanin asalin abin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don guje mata. Da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annobar Amwas, ya juya da mutanensa daga Sarg. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka tsayar da matafiyi don kare rayuka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tambayar da ta rage ita ce wace doka ce take kare rai da gaske, wacce ce kuma take wahalar da mutane kawai cutar na wucewa ta gefe.

Mutane da yawa ba su san cewa tsarin dokokin lafiya na tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe yana da tsohuwar alaƙa da aikin hajji ba. A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka lokacin hajji, ta kashe dubban alhazai, ta bi masu komawa zuwa Masar, daga can ta tsallaka Turai. Shekara ɗaya bayan haka ƙasashe suka yi taro a Istanbul a kan yadda za a tare ta. Daga irin waɗannan tarurruka aka kafa wuraren killace alhazai a tsibirin Kamaran da Ɗuri Sina, kuma kakanninmu da suka bi ta ƙasa ta Chadi da Sudan sun san zaman jira a Sawakin kafin a bari su haye Bahar Maliya. Jikan waɗancan yarjejeniyoyi shi ne kundin dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, wanda ƙasashe 196 suka amince da shi a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Nijeriya da Nijar da Saudiyya. Sashe na 43 na kundin ya bar wa kowace ƙasa ikon ƙara nata matakan, amma da sharaɗi: matakin ya dogara da hujjar kimiyya, kada ya takura wa tafiya fiye da yadda ake buƙata, kuma duk ƙasar da ta hana matafiya shiga ko ta tsare su fiye da awa 24 ta sanar da hukumar dalilinta cikin awa 48. A 2020 ƙasashe da dama sun tsallake wannan sharaɗi, domin hukumar ba ta da sandar dukan kowa. Shawara kawai take bayarwa.

To me rufe ƙofa yake iya yi? A fahimtata, lokaci kawai yake saya. Cutar da mutum zai ɗauke ta kwanaki kafin ya fara tari, wani ma har ya warke bai san ya yi ta ba, ba a tsayar da ita da na'urar auna zafin goshi. China ta rufe Wuhan ranar 23 ga Janairu 2020, amma kafin nan cutar ta riga ta isa Thailand da Japan da Amurka. Nijeriya ta sanar da hana shigowa daga ƙasashe 13 ranar 18 ga Maris, mako uku bayan ɗan Italiyan nan ya sauka, sannan ta rufe filayen jiragen Legas da Abuja ga jiragen waje ranar 23 ga wata. Wasu sun kira wannan ihu bayan hari. Ni ina ganin bai zama banza ba, domin kowane jirgi da bai sauka ba ya rage yawan tartsatsin da za a bi ana kashewa. Amma amfanin tartsatsin da aka rage yana ga abin da aka yi da makonnin da aka samu. Lokacin da cutar ta shigo, ɗakunan gwajin da ke iya gano ta a faɗin ƙasar nan ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Samfurin da aka ɗauka a Sakkwato sai an yi doguwar tafiya da shi. Cikin wannan shekarar aka samu ɗakin gwaji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sauran jihohi ma suka samu nasu. Wannan shi ne ribar jinkirin. Ƙasa irin New Zealand da teku ya kewaye ta iya rufe ƙofa ta zauna kusan lafiya na tsawon lokaci. Mu kuwa iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne da gonakin gero.

Da aka sake buɗe jiragen waje ranar 5 ga Satumba 2020, kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da korona, wanda Boss Mustapha yake jagoranta a lokacin, ya shimfiɗa tsari mai hawa-hawa. Mai shigowa ya zo da sakamakon gwajin korona na ɗakin gwaji, wanda ake kira PCR, na kwanaki kaɗan kafin tashi. Ya cike bayanansa a shafin intanet na gwamnati, ya biya kuɗin gwaji na biyu tun bai hau jirgi ba. Idan ya sauka ya killace kansa kwana bakwai a gida, ranar ta bakwai ya je a sake gwada shi. Kamfanin jirgin da ya ɗauko fasinja ba takarda ana cin sa tarar dala 3,500 a kan kowane mutum, wanda kuma ya ƙi zuwa gwaji na biyu ana iya dakatar da fasfonsa wata shida. A farkon 2021 an wallafa lambobin fasfo 100 da aka yi wa haka.

Ta fuskar ilimi tsarin yana da ma'ana. Gwajin farko ba ya ganin cutar da aka ɗauka jiya ko shekaranjiya, balle wadda aka ɗauka a layin filin jirgi. Bayan mako guda kuwa yawanci ta bayyana, shi ya sa aka sa gwaji na biyu a rana ta bakwai. Inda gizo ke saƙar shi ne wa aka hango lokacin da ake rubuta dokar. An hango mutum mai babbar waya da katin banki mai aiki, mai karanta Turanci, mai ɗaki da banɗaki nasa shi kaɗai, wanda gidansa ke Legas ko Abuja. A lokacin gwajin a Legas naira 50,400 ne, alhali mafi ƙarancin albashi a wancan lokacin naira 30,000 ne. Ɗalibin Sakkwato da ke dawowa daga Khartoum ko Alƙahira, ko ɗan kasuwar da ya je Dubai sarin waya da atamfa, ko dattijuwar da aka kai Indiya aikin ƙoda, duk sai sun sauka a Abuja ko Legas, domin filin jirgin Kano bai koma karɓar jiragen waje ba sai Afrilu 2021. Daga nan su hau mota yini guda kafaɗa da kafaɗa da mutane, su iso gidan da ake ci a kwano ɗaya ana alwala da buta ɗaya. A al'adarmu kuma wanda ya dawo daga tafiya ba ya rufe ƙofa, zaurensa cika yake da 'yan sannu da zuwa. Dokar ta ce killace kanka, ba ta ce a ina ba. Kuma idan takarda ta yi tsada har haka, sai bango ya tsage: kwamitin da kansa ya sha kokawa a kan sakamakon gwaji na jabu. Mai takardar jabu ya fi wanda ba shi da takarda haɗari, domin shi ba wanda zai sake dubansa.

Duk wannan labarin ƙofar sama ne. Ƙofar da ta fi shafar talakan Sakkwato tana Illela. Wanda ya san garin ya san Ƙonni, garin Nijar da ke tsallaken iyaka, ba wata ƙasa ba ce a zuciyar mutanensa. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, mace tana Illela uwarta na Ƙonni, ana mutuwa a can a zo gaisuwa daga nan kafin la'asar. Shanu da raƙuma da wake suna gangarowa, hatsi da kayan masarufi suna haurawa. Haka abin yake a Gada da Tangaza da Gudu da Sabon Birni. Kuma korona ta tarar da wannan iyaka a rufe tun Agusta 2019, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfun.

Na je Illela a cikin watannin da iyakar take rufe. Bakin boda tsit, sanda a gicciye, manyan motoci jere sun yi ƙura. Amma ka ɗan koma bayan gari ka tsaya a gindin wata bedi, za ka ga 'yan kabu-kabu suna ɓullowa daga cikin gonaki ɗaya bayan ɗaya, kowane da mutum biyu ko uku a baya, wata da goyo, wani da buhu a cinya. Na tambayi wani matashi da ke ɗaure galan a bayan mashin ko mutane sun rage zuwa. Ya ce, "Malam, ba su rage ba, kuɗin hawa dai ya ƙaru." Nan na gane abin da rufewar ta yi. Wanda a da zai bi ta gaban jami'in lafiya, a ga idonsa, a tambaye shi daga ina, a rubuta sunansa, yanzu ya bi ɓarauniyar hanya ba wanda ya gan shi. A filin jirgi rufe ƙofa na rage masu shigowa. A iyaka irin tamu yana rage waɗanda hukuma ke gani ne kawai. Kuma da yake mutanen yankin sun riga sun ɗauki rufewar a matsayin rigimar shinkafa, da aka zo aka ce yanzu don lafiyarsu ce, maganar ba ta shiga ba.

Akwai kuma ɓangaren da ya ƙona mini rai ƙwarai, wato yadda manyan ƙasashe suka yi da mu. A ƙarshen Nuwamba 2021 masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano sabon nau'in da aka sa wa suna Omicron, suka sanar da duniya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Sakayyar da suka samu ita ce rufe musu ƙofofi cikin kwana biyu. Ranar 6 ga Disamba Birtaniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta yi wa jan layi: baƙo ba ya shiga, mazaunin can kuma sai ya biya fam 2,285 ya zauna a otal kwana goma. Kanada ta hana, Saudiyya ma ta dakatar da jirage daga Nijeriya, masu niyyar Umra suka yi cirko-cirko. Alhali Holan ta gano nau'in a samfuran da ta ɗauka tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu, kuma yana yawo a cikin Landan. Ranar 15 ga Disamba Birtaniya ta soke jerin gaba ɗaya, ta amsa cewa ba shi da sauran amfani tunda cutar ta bazu a cikin gida. Kwana tara ke nan. Illar irin wannan ta wuce asarar tikiti da bikin da aka fasa. Duk ƙasar da ta ga abin da ya sami mai faɗin gaskiya za ta yi tunani sau biyu kafin ta faɗi tata, kuma annoba ba abin da take so kamar a yi shiru.

Haka takardar rigakafi. Kashin farko da ya iso Nijeriya ranar 2 ga Maris 2021, allura kusan miliyan huɗu ta AstraZeneca, a Indiya aka yi ta. Da Tarayyar Turai ta fito da takardarta ta tafiya a Yuli, ba ta sa wannan samfurin na Indiya a ciki kai tsaye ba, sai kowace ƙasa ta ga dama. Birtaniya ba ta fara karɓar katin rigakafin Nijeriya ba sai 11 ga Oktoba. Ka yi tunanin ma'aikaciyar lafiya a Wurno ko Bodinga da ta yi wata da watanni tana lallashin mutane cewa allurar nan lafiya lau ce, sai ga labari a rediyo cewa waɗanda suka taimaka aka kawo ta ba su yarda da wanda aka yi wa ba. Da wane baki za ta koma?

Duk da haka ban yarda da masu cewa mutanenmu ba sa bin doka ba ne. Maniyyacin Sakkwato ya daɗe yana miƙa dantse. A 1996 sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, mafi yawa a Arewa, Saudiyya ta hana alhazanmu shiga a wannan shekarar. Bayan ɓarkewar wani nau'in sanƙarau a hajjin 2000 da 2001 ta wajabta allurar da ke kare nau'i huɗu. Ana ɗiga wa alhajin Nijeriya maganin shan inna a baki ko da ya yi furfura. Katin allurar shawara kuwa, wanda muke kira yalo kad, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Ba ka jin ana rigima a kan waɗannan. Dalili a fili yake: an san su tun kafin a zuba kuɗi, ba sa canzawa kowane mako, ana yin su a sansanin alhazai ko asibitin da ke kusa, malamin bita yana bayaninsu da Hausa, kuma ba su fi ƙarfin aljihu ba. A 2014 ma da Ebola ta shigo Legas, Saudiyya ta hana maniyyatan Gini da Laberiya da Saliyo amma ta bar na Nijeriya, saboda an ga yadda aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar har aka shawo kanta a mutum 20. Abin da ya buɗe mana ƙofar Jidda a wannan shekarar aikin da aka yi a cikin gida ne.

Kawu ya samu tafiya a 2023, da aka ɗage sharaɗin shekaru aka maido wa Nijeriya kujerunta 95,000. Sai dai kujerar da take wajen naira miliyan ɗaya da rabi lokacin da ya fara niyya ta kusa miliyan uku, sai da ya ƙara sayar da wata gona ta gefen fadama. Biyu daga cikin abokan bitarsa ba su kai ba, Allah Ya yi musu rasuwa a cikin shekarun jira. Allah Ya ba su ladan niyyarsu. Irin wannan asara ba ta shiga lissafin kowace gwamnati, kuma ina ganin wanda zai sa hannu a dokar rufe ƙofa ya kamata ya san tana nan, ko da a ƙarshe rufewar ce daidai. Ni a hajjin 2020 ina ganin ita ce daidai. Tara mutum miliyan biyu da rabi kamar na 2019 a cikin tantunan Mina, ba rigakafi ba magani, sannan a watsa su ƙasashe sama da ɗari, da ya zama abin da ba a so a tuna.

Nijeriya ta janye sauran sharuɗɗan a Disamba 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa ranar 5 ga Mayu 2023. A Mayu 2025 ƙasashe suka amince da sabuwar yarjejeniyar tunkarar annoba a Geneva. Wannan na manya ne, kuma yana da kyau. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma goranmu a nan yake. Idan wata ta sake zuwa, abin da nake so in gani a Illela shi ne ƙofa a buɗe da ma'aikatan lafiya a bakinta, gwaji kyauta, rumfa mai ruwa da abinci inda za a kwantar da wanda aka samu da zazzaɓi, da layin waya tsakanin likitan Illela da takwaransa na Ƙonni. A zauna da hakimai da limamai, da sarkin tasha, da shugabannin 'yan kabu-kabu da dillalan kara, tun ana zaman lafiya, domin su ne suka san kowace hanya da ke cikin gonakin nan da wanda ke bin ta.

Ba sabon abu nake nema ba, mun taɓa yin irinsa. A yaƙin da aka yi da shan inna, Nijeriya da Nijar sun riƙa daidaita ranakun rigakafinsu don kada yaro ya kuɓuce ta hanyar tsallaka iyaka. An sa ma'aikata a tashoshin mota da kasuwanni da mashigar makiyaya, mata da hijabi da 'yar kula mai ƙanƙara a kafaɗa, suna leƙa kowace mota suna tambayar uwar goyo, su ɗiga wa yaro a baki su shafa masa alama a ɗan yatsa. Ba a rufe hanya ko ta yini ɗaya ba saboda wannan aiki. Ranar 25 ga Agusta 2020, iyakar Illela na rufe, jiragen waje ba su fara sauka ba, aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.